Wai silima ta mutu ke nan har abada? Ina neman shawara kafin in zuba kuɗina

Baban Yara, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wata magana ce ta kwana biyu tana cin raina, na ce bari dai in kawo ta nan tunda akwai manya akwai yara, ƙila wani ya hango abin da ni na kasa hangowa.

Daren Juma'ar nan da ta wuce na dawo daga isha'i, wuta akwai, tele na kunne a falo tana ta zuba ita kaɗai ba mai kallonta. Uwargida na ɗaki da wayarta tana bin irin fim ɗin nan mai dogon zango a YouTube, babban yarona na zaure ya toshe kunnuwa da ekutar, 'yan matan biyu sun haɗa kai bisa waya guda suna kallon fassarar Indiya, auta kuma ya samu tsohuwar wayata yana kallon zanen yara. Mu shida a gida guda, kallo huɗu, kowa na dariyarsa shi kaɗai ba wanda ya san abin da ya ba ɗan uwansa dariya. Wallahi na daɗe tsaye tsakar gida, sallamar ma sai da na maimaita kafin a amsa mini.

Ni na riski ƙarshen silima a garin nan namu Maradi, ina koleji lokacin. Ban je da yawa ba don mahaifinmu ba ya so, amma 'yan zuwan da na yi har gobe suna cikin kaina. Fili ne babba ba rufi, farin bango a gaba, hasken majigi na ratsa ƙura ta saman kawunanku, in jarumi ya tashi bayan kowa ya ɗauka ya mutu sai ka ji wurin duka ya ɗauki ihu da tafi, wanda ke kusa da kai ba ka taɓa ganinsa ba amma sai ka ga yana dukan kafaɗarka don murna. Yarana ba su san wannan ba, ko sau ɗaya.

To ga abin da ya sa na yi dogon bayani. Ina da kango da na kewaye na sa ƙofa, ginin bai samu ba tukuna, kuma akwai ɗan abin da na tara. Tunanin da nake yi shi ne in sayi majigi irin na zamani da lasifika biyu da batir na sola, in shafe bango guda da farin fenti, in sa benci da tabarmi, a riƙa nuna fim daren Alhamis da daren Asabar, na iyali kawai. Uwargida ta ce asarar kuɗi ce, kowa da silimarsa cikin aljihu. Abokina na fada ya ce sunana zan ɓata a unguwa. Ni kuma zuciyata ta ƙi haƙura. Don Allah waɗanda suka sani, mi ya kashe silima tun farko? Waya ce, ko tun kafin waya ta mutu? Kuma in an buɗe yau mutane za su baro gida su zo, ko ni kaɗai ke wannan kewar?

Tsohon Malamin Lakwal, Tibiri:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, bari in rubuta a hankali don idanun sun yi rauni.

Waya ba ita ta kashe silima ba, kwance ta iske ta an riga an ja mata mayafi. Mu da munka yi samartaka wajen 1975 zuwa 1985, a keke muke zuwa daga Tibiri, mu biyu keke guda, mu tsaya bakin ƙofa mu ƙare ma hotunan da anka liƙa kallo kafin a buɗe gishen sayar da tike. Na Indiya, na 'yan Sin masu karate, na kaboyi, su ke nan ke juyawa. Ba ma jin Indiyanci ko kalma guda amma waƙoƙin duk mun haddace. Gaba kusa da bango na talakawa ne, kana kallo wuya a sanƙare, baya inda akwai kujeru da ɗan rufi na ma'aikata da 'yan kasuwa. In zaren fim ya tsinke sai fito da ihu su tashi har mai majigi ya haɗa, in hadari ya taso da damina kuwa kowa ya kama gabansa, kuɗinka sun tafi. Amma abin da na fi tunawa ba cikin silimar yake ba, washegari ne. Wanda ya samu shiga shi ke zama tsakiyar fada ya ba da labarin fim tun daga farko har ƙarshe ga waɗanda ba su da kuɗin tike, da muryar mugu da ta jarumi da ƙarar naushi duk yana yi da baki. Akwai waɗanda labarinsu ya fi fim ɗin daɗi. Tike guda sai ya ciyar da mutum goma.

Bugun farko magineto ne, na'urar bidiyo, da kaset. Da sunka fara shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kowace unguwa sai da wani ya kafa rumfa ya sa tele da benci, kuɗin shiga bai kai na silima ba, ga shi kusa da gida, ga shi da rana ma ana yi. Ana cikin wanga hali sai ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairu 1994, faran guda na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100 dare ɗaya. Mai silima daga waje yake hayo fim, daga waje yake sayen ƙwan majigi da kayan gyara, komai ya ninka. Ya ninka tike kuma ba hali, don shekarun nan mu ma'aikata sai mu yi watanni ba a biya mu albashi ba. Sai ya koma maimaita tsofaffin finafinai da sunka sha wuya, hoto duk zane-zane, murya na yankewa. Wa zai biya ya ga abin da ya gani sau biyar?

Kuma a faɗi gaskiya ko da a kanmu take, bakin ƙofar silima bai yi suna mai kyau ba. 'Yan caca na nan, masu shaye-shaye na nan, faɗa ba ya ƙarewa. Shi ya sa da wa'azi ya yi ƙarfi a garin nan malamai sunka sa ta gaba, ba wani dattijo da ya iya tashi ya kare ta, har mu da munka more ta shiru munka yi. Sannan finafinan Hausa na Kano da sunka fara daga 1990, su a kaset anka haife su, kai tsaye cikin ɗaka sunka shiga da harshen da tsohuwa da jikanta duk ke ji. Daga nan magana ta ƙare.

Abin da ke mini ciwo har yau shi ne ƙasarmu Nijar ba baya take ba a wanga fanni. Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, Moustapha Alassane na yin fim na zane tun shekarun 1960. Amma ni duk zuwana silima ban taɓa cin karo da aikinsu a bangon nan ba, abin da kamfanonin rarraba fim na waje sunka aiko shi muke gani. Sai da na girma na gan su. In Allah ya sa ka buɗe wurinka, ka nemo su ka nuna ma yara.

Uwar Biyu, Sabon Gari:

Baba Malam Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na ji daɗin tarihin nan. Amma ku yi mini haƙuri in faɗi ta ɓangarenmu, don duk wannan kewar da kuke yi kewar maza ce. Mu yaushe aka taɓa barinmu muka je? Yarinyar da aka gani bakin silima ta gama samun miji a unguwarsu. Mahaifiyata har Allah ya karɓi abinsa ba ta san yadda cikin wurin yake ba, sai dai ƙarar waƙar Indiya da iska ke kawowa da dare.

Ni fim na farko da na gani a kaset ne, gidan maƙwabtanmu ranar suna, aka cika ɗaki mata da yara har bakin ƙofa ana ta zufa ana fifita da murfin kwano. Mu wannan ce silimarmu. To abin da ku kuke kira mutuwa, mu a lokacin ne ƙofa ta buɗe mana. Yanzu kuwa da waya, ina tuƙa tuwo na jingina ta jikin turmi, an kira salla in tsayar, yaro ya yi kuka in tsayar, wuri ya zo da bai dace yara su gani ba in tura gaba. Ba kuɗin adaidaita, ba neman izini, ba wanda zai ce ya gan ni. Wace silima ce za ta ba ni wannan?

Amma Baban Yara kar ka ce na goyi bayan uwargida ɗari bisa ɗari, don abin da ka gani tsakar gidanka nima ina ganinsa. Shekarun baya da Arewa24 ta fito, ni da abokiyar zamana da yaranmu duka tabarma guda muke shimfiɗawa in lokacin shirin da muke bi ya yi, ko da rana an ɗan samu saɓani da dare dole a zauna tare don tele guda ce, kafin a tashi wata ta yi magana ɗayar ta amsa shi ke nan an shirya. Tunda kowa ta samu wayarta sai mu yi kwana uku ba mu zauna wuri guda ba. Wannan kam rashi ne, ban musa ba.

In da gaske kake na iyali kake so, to ka yi tunanin lokaci tun yanzu. Fili ba rufi sai duhu ya yi ake gani, ke nan bayan magariba ko bayan isha'i, fim na awa biyu ya kai ku ƙarfe goma da rabi, wane magidanci zai bar matarsa da 'yan mata a waje har wannan lokacin? Sai ka raba wurin zama, ka yi bayi biyu masu tsabta, ka san yadda za ka yi da sauro. Kuma shawarata, ka ware dare guda na mata da yara zalla, uwargidanka ta tsaya bakin ƙofa ba kai ba. In ta yarda ta tsaya, mata za su zo. In ba ta yarda ba kar ma ka sayi fentin.

Mai Tura Fim, bakin babbar kasuwa:

Salam manya. Yaya ni sana'ata ke nan shekara bakwai ina tura fim a waya da katin memwar don haka bari in gaya maka yadda kasuwar take ba ɓoye-ɓoye, fim ya fito YouTube ƙarfe takwas na dare kafin asuba yana cikin kwamfutata, da safe mai kabu-kabu ya tsaya ya ba ni dala biyar in zuba mishi kashi guda, ya je tasha ya tura ma mutum goma ta Xender, daga waya zuwa waya, kyauta, su ma su kai gida, kafin azahar rabin unguwa sun gani, to kai daren Asabar mi za ka nuna musu da ba su gani ba?

Kuma ka lura su kansu 'yan Kano sun bar yin fim irin na zama guda. Da can kaset ne da CD ake saro su daga Ƙofar Wambai, da kasuwar CD ta mutu saboda kwafi da irin aikinmu, eh na san da hannunmu a ciki ba zan ƙi faɗi ba, sai suka koma masu dogon zango kashi-kashi kowane sati don YouTube da tashoshi su biya su ta talla. Labarin da ya kai kashi hamsin ko ɗari ba na silima ba ne, na kan gado ne da kicin. Fassarar Indiya ma haka, awa uku ce mutum ya kalle ta cikin kwana biyu yana tsayarwa.

Ni kaina da nake maka magana kasuwa ta ja baya, tunda wifi ya yi yawa a unguwanni yara na sayen tike na awa su sauke abinsu da kansu, kuma ƙannenmu ma fim ɗin ba ya gabansu, TikTok ne, abu in ya wuce minti biyu sun ture shi da yatsa. Wanda bai iya haƙurin minti biyu ba ka ce ya zauna bisa benci awa biyu ba ya taɓa waya?

Amma fa akwai wani abu. Ni ban taɓa shiga silima ba sai sau ɗaya da na raka maigidana Kano saro kaya, muka shiga ta cikin Ado Bayero Mall. Yaya wallahi da aka kashe fitilu ƙarar ta taso sai da na ji ta cikin ƙirjina, fuskar mutum ta cika bango kana ganin hawaye tun yana taruwa cikin ido, ni da nake ganin fim ɗari a wata ranar na san ban taɓa kallon fim ba. Na fito ban son magana da kowa. To in irin wannan za ka kawo zan zo in biya, amma majigi mai arha da lasifikar biki ba za su ba da wannan ba, kar ka yaudari kanka.

Ɗalibi a Faransa, ɗan Bagalam:

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Kawu Baban Yara, ba Maradi kaɗai ba ce, har inda aka ƙirƙiro abin suna kuka. A Amurka a 2002 an sayar da tike sama da biliyan 1.5, zuwa 2019 ya sauko wajen biliyan 1.2 alhali mutane ƙaruwa suka yi, ka ga tun kafin korona ana zubewa. Netflix ta fara nuna fim ta intanet a 2007, telebijin na gida suka yi ta girma suna arha. Sai korona ta zo a 2020 aka rufe gidajen silima watanni, a 2021 kamfanin Warner ya riƙa sakin finafinansa a silima da intanet rana guda. Da can sai fim ya yi wajen kwana 90 a silima kafin ya iso gida, yanzu da yawa kwana 45 ne ko ƙasa da haka, sai mutum ya ce bari in jira. Cineworld, ɗaya daga cikin manyan masu gidajen silima a duniya, a Satumba 2022 ta kai kanta kotu saboda bashi ya fi ƙarfinta.

Nan Faransa abin da ya riƙe su doka ce. Fim in ya fito silima sai ya yi wata 4 kafin a fara sayar da shi na kallon gida, Netflix kuwa a yarjejeniyar 2022 sai ta jira wata 15. Kuma kowane tike ana cire kusan kashi 11 cikin ɗari a zuba asusun da ke tallafa ma masu yin fim da masu gidajen silima, har na ƙananan garuruwa. Wato maganar mai tura fim ita ce dai, silima na rayuwa ne in tana da abin da gida bai samu ba tukuna. Mu kuwa ba wannan katangar.

Ta wani ɓangaren kuma, Saudiyya da ta rufe silima shekara 35 ta sake buɗewa a Riyad a Afrilu 2018, iyalai na zuwa. A Yamai ma an buɗe gidan silima na CanalOlympia a 2017, kujeru 300, amma wa zai yi tafiyar kilomita sama da 600 daga Maradi don kallo?

Ni ina zuwa nan wajen sau ɗaya a wata da tike na ɗalibai. Ɗakina akwai intanet mai ƙarfi, duk abin da nake so zan gani, amma a ɗaki ina kallo ina amsa saƙo ina tashi dafa shayi, fim ya ƙare ban san mi aka yi ba. Can kuwa awa biyu ba abin da ke hannuna. Kuma a baƙunta, zama cikin mutane ko ba ka san su ba ku yi dariya lokaci guda, yana rage kaɗaici sosai. Na fahimci abin da kake nema Kawu.

Mai Gidan Ƙwallo, Zariya:

Alhaji ni ban yarda mutane sun daina fita kallo ba, zo wurina nan unguwar Zariya ta Maradi ranar da Real da Barsa za su haɗu ka gani, dala ashirin ne shiga kuma sai na rufe ƙofa wasu na leƙe ta katanga. Rabin waɗanda ke ciki suna da Canal a gida, wasu ma telensu ta fi tawa girma. Mi ya fito da su? Ba wanda ya san yadda za ta ƙare, kuma in an ci kana son wanda za ka yi ma ihu a kunne. Haka lokacin kokowar takobi, in ɗan Maradi zai shiga fili ko a wane gari ake yi wurina cika yake, balle a ce nan filin Kantu ne. Amma ranar da ba wasa na sha gwada sa fim, mutum bakwai, takwas, rabinsu ma sun zo sa waya caji ne.

Sau ɗaya na ga fim ya cika mini wuri, watannin da Najeriya ta yanke mana wuta daga Agusta 2023. Gidaje duhu, wayoyi sun mutu, zafi, ni ina da gurup, injin ba da wuta. Har dattawa suka riƙa zuwa, kome na sa kallo ake, tsohon fim ma da kowa ya sani sai ka ji ana faɗin maganar kafin ɗan wasan ya faɗa ana dariya. Da wuta ta daidaita kowa ya koma gidansa. Wannan ya nuna mini son zama taren yana nan, sauƙin gida ne ya fi shi ƙarfi.

In ka nace, ga abin da na koya da kuɗina. Kafin komai ka je wajen mai unguwa da limamin masallacin da ya fi kusa, ka gaya musu da bakinka, ka ce su turo wanda zai zo ya gani, kuma ana kiran salla ka kashe. Ka nemi takardar izini a mari, wato ofishin magajin gari. Tunda kuɗi za ka karɓa ka je ofishin BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, ka ji yadda ake yi da haƙƙin masu fim, in da hali ma ka nemi mai fim ɗin ku yi magana, wasu za su so a ce an nuna aikinsu a babban bango. Majigi kar ka sayi ƙananan nan da ake talla a Facebook, haskensu ba ya kai bango a fili, kuma ƙurar hunturu na toshe musu fanka su ƙone, ka yi mishi akwati kana share shi kullum. Damina wata uku zuwa huɗu ka sa a ranka rabin dararen hadari zai kore ku. Kuma kuɗin ƙofa ba su ke riƙe wuri ba, ni ruwan sanyi da lemu da shayi da gyaɗa su ke biya mini mai. Kar ka sa kuɗin ginin gidanka duka, ka fara da abin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba.

Baban Yara, Ali Ɗan Sofo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka ma kowa da alheri. Baba Malam na karanta taka sau uku, maganar mai ba da labari a fada ta tuna mini wani yayanmu da ya rasu, shi ke yi mana haka a zaure, Allah ya jiƙansa. Hajiya Uwar Biyu kin faɗi abin da ban taɓa tunani ba, ni ina ta kewar wurin da mahaifiyata da ƙannena mata ba su taɓa takawa ba. Na karanta ma uwargida saƙonki, ta yi shiru, daga baya ta ce in dai daren mata ita za ta riƙe to a gwada, amma ba a kango ba tukuna.

Don haka mun tsaya a kan haka, akwai abokina da ke aiki wata ƙungiya suna da majigi na taro, zai ara mini ranar Asabar. Tsakar gidana za mu fara, farin zanen gado bisa igiyar shanya, gidaje uku na maƙwabta ba ko dala. Na ce ma yara kowa zai ajiye wayarsa cikin faranti har a gama, babban bai ji daɗi ba amma ya ce shi zai haɗa lasifika. Mai gidan ƙwallo, nisa nawa ya kamata tsakanin majigin da zanen? Tsakar gidan taku goma sha biyu ce.

Mai Gidan Ƙwallo, Zariya:

Taku huɗu zuwa biyar ya isa Alhaji, ka matsa gaba ko baya har hoton ya cika zanen. Ka ɗaure ƙasan zanen da dutse ko bulo don iska, kuma ka kashe ƙwan tsakar gida da na zaure duka. Ka gwada tun daren Juma'a kar mutane su zauna kana neman waya.

Uwar Biyu, Sabon Gari:

Ka bar uwargida da 'yan matan su zaɓi fim ɗin na farko, kuma wanda bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A kunna maganin sauro tun magariba.

Tsohon Malamin Lakwal, Tibiri:

Ɗana in akwai wurin tsoho guda bisa tabarmar, jikana na da babur zai kawo ni, sai dai a aje mini kujera mai jingina don bayan ba ya son zaman ƙasa. Ka aiko mini kwatancen gidan ta saƙo.